Ranar da Matar Hedimasta Ta Shiga Layi

Shekara talatin da ɗaya Hedimasta ya yi yana magana yara suna shiru. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai yi wa bayani, in ban da matarsa, ita kuwa ta daɗe da haddace duk abin da zai faɗa. Don haka ranar da Liman ya sanar bayan sallar la'asar cewa kwamitin masallaci na neman mutum biyu da za a tura su koyi aikin ba da shawara, saboda masu damuwa a unguwa su sami wurin sauke abin da ke cin ransu, Hedimasta ne ya fara ɗaga hannu. A ganinsa aiki ne ya biyo shi har gida: mutum ya zo da matsala, shi kuma ya zaunar da shi ya wanke shi da gaskiya.

Kwana goma aka yi ana horon. Malamar da ta koyar da su ba ta kai 'ya'yansa shekaru ba, kuma tun ranar farko ta karya masa gwiwa.

"Baba," in ji ta, "wannan aikin kashi tara na kunne ne, kashi ɗaya na baki."

"To ilimin da mutum ya tara fa, 'yata?"

"A bar shi a aljihu, Baba. In an nema sai a fito da shi."

Ta ce kada su katse mai magana, kada su yanke hukunci. Su riƙa maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya san an ji shi, su riƙe sirri, abin da ya fi ƙarfinsu kuma su tura wa likita ko Liman. Hedimasta ya sha wuya kafin ya samo dabara. Dabarar ita ce alewa. Da zarar mutum ya fara magana sai ya jefa ɗaya a baki, ba zai ce uffan ba sai ta narke.

Aka ba su ɗakin ajiya a gefen masallaci, inda ake jibge tabarmi da wata tsohuwar lasifika. Kujerun roba biyu, tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, fanka mai juyawa in ta ga dama, sai benci a waje na masu jira. Shi yake zama Laraba da Asabar. Litinin da Alhamis kuma na wata tsohuwar ungozoma ce da suka yi horon tare.

Abin mamaki, sai ga shi ya iya. Mahaucin da ya shekara ba ya magana da ɗansa ya zauna a kujerar nan ya yi kuka kamar yaro. Direban tasin da barci ya gagara tun da ya yi haɗari, Hedimasta ya saurare shi sau uku, sannan ya raka shi wurin likita da ƙafarsa. Kan a ce haka benci ya soma yi wa masu jira kaɗan.

Matsalar ita ce aikin ya bi shi gida. Wata safiya matarsa, wadda yake kira Maman 'Yan Biyu, ta ce masa famfon kicin yana yoyo. Ya karkata kai, ya sassauta murya.

"Na ji kin ce famfo yana yoyo. Yaya kike ji game da hakan?"

"Jiƙa nake ji a ƙafata," ta ce, ta wuce da bokiti.

Wata Asabar da hantsi, ya sallami wasu maƙwabta biyu da ke rigima a kan bishiyar da inuwarta ke gidan ɗaya ganyenta ke zuba a gidan ɗayan. Ya gyara hula, ya ce na gaba ya shigo. Aka yi sallama da wata murya da ya sani ko cikin barci. Maman 'Yan Biyu ce, da mayafinta na fita unguwa da jakar hannu.

Ya miƙe zumbur. "Lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

"Wurin mai ba da shawara na zo. Ko ba nan ba ne?"

"Wane irin wasa ne wannan? Ba ki ga mutane na jira ba?"

"Ni ma jiran na yi. Awa biyu ina kan bencin can tsakanin mai kanti da wata mai tari. Layina ne ya zo."

Ya tuna da wata doka, ya cafke ta da sauri. "An hana mu. Malamarmu ta ce mutum ba ya zama da iyalinsa."

"To shi ke nan," ta gyara jaka a kafaɗa. "Litinin sai in zo wurin Ungozoma."

Ungozoma ba ta fitar da sirri, wannan kowa ya shaida. Amma tana da wani kallo da take yi wa mutum ta saman tabarau, kuma ita ta karɓi haihuwar 'yan biyunsa, tun a lokacin take yi masa kallon wanda bai san komai ba. Ya ga kansa yana gaishe ta har ƙarshen rayuwarsa a ƙarƙashin wannan kallon.

"Zauna, baiwar Allah," ya ce.

Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. "Malam, a kan mijina na zo."

Ya ɓare alewa ya jefa a baki.

"Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa ci mini mutunci ba. Da can surutu ne ciwonsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo. Na yi ta roƙon Allah ya rage masa. To, Malam, addu'ar ta karɓu fiye da yadda na roƙa."

Alewar ta kusa wuce masa. Ya yi tari, ya ce, "Ci gaba."

"Yanzu kunnuwansa na unguwa ne. Ya fita da su da safe, ya dawo mini da su cike maƙil, babu inda maganata za ta raɓa."

"Haba! Ai ko shekaranjiya sai da na..."

"Malam, na ji an ce ba kwa katse mutum."

Ya tauna alewar ƙarau, ya ɓare wata. Da ƙyar ya tattaro muryar aiki. "Na ji kin ce mijinki ba ya sauraronki."

"A'a, yana dai yin fuskar sauraro. Ya karkata kai, ya ce mhm. Yauwa, irin wadda ka yi yanzu, sak. Ranar nan na gwada shi. Na ce masa akuyar maƙwabta ta ci jarrabawa, za ta zama lauya. Ka san me ya ce? Ya ce Allah ya sanya albarka, ai dama yarinyar tana da ƙoƙari."

Hedimasta ya duƙar da kai yana nazarin kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Ya tuna ranar. Har ya yi niyyar zuwa taya maƙwabcin murna.

Ta murza hannun jaka. Da ta sake magana muryar ta sauka.

"Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kawo ni, sau uku ina gaya masa likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini idon hagu. Na farko ya ce mhm. Na biyu yana neman hularsa. Na uku bayan abincin rana ne, ashe barci yake ido a buɗe. Ranar Alhamis za a yi mini aiki, Malam. Mahaifiyata da makanta ta rasu. 'Yan biyu suna nesa, ɗaya ga goyo, ban so in tayar musu da hankali."

Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Shayin da ta riƙa tsiyayawa a gefen kofi. Allurar da take aika wa maƙwabta a zura mata zare. Yadda take laluben bango in za ta sauka daga dakali. Duk ya gani, ya ɗauka tsufa ne kawai da gaggawa. Alewar ta narke tuntuni, bai ɗauki wata ba. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya.

"Na ji kin ce kina tsoro," ya ce daga ƙarshe, kuma ba da muryar aiki ba.

"Ina tsoro."

Hawaye ya zubo mata. Ya jawo kwalin takardar share hawaye, ya tarar mahauci ya ƙarar da ita tun makon jiya. Ya ciro hankicinsa ya miƙa mata. Ta share ido, ta juya hankicin ta shinshina.

"Matarka ta iya wanki, Malam."

"Ta iya. Me kike so mijin naki ya yi?"

"Kai ne mai ilimi."

"Ba ma ba da shawara sai an nema."

"To na nema."

Wata shida yana jiran ranar da wani zai ce ya fito da abin da ke aljihu. Ya laluba, bai sami komai ba. Ya ce, "A ganina, baiwar Allah, mijin nan naki sakarai ne."

"Kul! Kada ka zagar mini miji. Ba an ce ba kwa yanke hukunci ba?" Ta miƙe, ta saka hankicin a jakarta. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Abin da aka faɗa a nan sirri ne ko?"

"Sirri ne."

"To ko mijina kada ya ji."

Mai kanti ne ya shigo bayanta. Zuwansa na huɗu ke nan, kullum sai ya yi ta kewaye-kewaye ya tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ma?"

"Ni ma me?"

"Ba komai." Ya miƙe ƙafa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ba da labarinsa tun daga tushe.

Da yamma Hedimasta ya sami matarsa a kicin tana tsince shinkafa, ta kawo farantin daf da idonta na dama. Ya tsaya a ƙofa.

"Maman 'Yan Biyu, batun idon nan..."

"Wane ido? Wa ya gaya maka?"

"Haba, ke ma kin san..."

"Ashe fitar da sirri ake a ɗakin can? Gobe sai Liman ya ji wannan magana."

Ya jawo 'yar kujerar tsuguno ya zauna kusa da bokitin da ke tare ruwan famfo, ya ce, "Yaya jikinki kwanan nan?"

Ba ta yi masa da sauƙi ba. Ta fara da gwiwa. Ta koma kan famfo, ta bi ta kan ƙanwarta da ta daina kiran waya, da ɓerayen da suka sami hanya ta bayan kabad. A tsakiyar labari ta tsaya ta ce, "Me na ce yanzu?" Ya maimaita mata tas, har da adadin ɓerayen. Sai da shinkafa ta kusa nuna sannan ta gaya masa batun ido, karo na huɗu.

Ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ido? Naki?"

"Kada ka zaƙe, Baban 'Yan Biyu. Ba wasan kwaikwayo na ce ka yi mini ba."

Ranar Litinin ya je ya roƙi Ungozoma ta riƙe masa Asabar mai zuwa, ya ce wani uzuri ne na gida. Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa, ta ce, "To." Har yau bai san abin da ta sani ba.

Ranar Alhamis a asibiti shi ne ya fi ta rikicewa. Ya tambayi nas sunan kowane ƙarfe da ke kan tire, ya tambayi shekarar da likitan ya gama makaranta, har nas ta ce ko Baba zai ɗan fita ya sha iska. Maman 'Yan Biyu tana kan gado cikin rigar asibiti, hannunta sanyi ƙalau. Ta riƙo hannun rigarsa.

"Bar shi, 'yata. Kai kuma yi ta magana, kada ka tsaya."

"Me zan ce?"

"Komai. Ba ni labarin katangar makaranta."

Ya ba ta labarin yadda ya sa aka gina katangar makarantarsa, labarin da ta ji ya fi sau ɗari, tun daga taron iyayen yara har zuwa tifar yashi da ta maƙale a kwata. Yana kan tifar aka zo aka tura gadon. Ya bi su har ƙofar ɗakin tiyata yana ƙarasawa.

Washegari likita ya cire bandeji. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi taga, ta dubi tafin hannunta. Sannan ta juyo ta tsura wa mijinta ido. Ya gyara tsayuwa, yana jiran abin da za ta ce.

"Baban 'Yan Biyu, yaushe gemunka ya yi fari haka?"

"Ya kai shekara biyar."

"Da a dishi-dishi ka fi kyau," ta ce. Likita ya juya baya yana gyara takardu, kafaɗunsa na rawa. Ta sauko daga gado ba ta dafa kowa ba, ta miƙa masa jakarta. "Wuce gaba ka tsayar mana da mota. Kuma wannan rigar, in mun je gida ka cire ta. Maɓallinta biyu ba launi ɗaya ba ne, kuma ni na ɗinka su."