Sunan Idrisa a Cikin Ƙunshi

"Sake karanto mini lambar," in ji Idrisa daga kan tabarma.

Hadiza, maƙwabciyarsa mai buga takardu a bakin tashar Matameye, ta karanto daga ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Ya duba takardar hannunsa, ya girgiza kai. "Ba ta yi daidai ba. Kin bar sunana, ko?"

Ta bar shi kuwa, da gangan. Shekara uku yana rubuta tsarin na'ura da ke tattara awon ruwan sama na ƙauyuka daga Tsauni har Kance, don a san inda fari ya fi ƙamari. Daminar bara ta ƙi, sojoji sun karɓi mulki, ofishin da yake wa aiki a Damagaram ya ce a aiko da tsarin a ƙunshi guda. Sharaɗinsu ɗaya: duk wanda ya sake ƙunsa shi, a kowace na'ura, lambar shaida ta fito iri ɗaya. Na'ura kuwa sarkin shisshigi ce, kowane fayil sai ta manna masa sunan mai shi da ranar da ya taɓa shi. Sai an goge su lambar ke daidaita.

"Baba Idrisa, ba mata, ba ɗa. In na goge, a ina za a ga sunanka?"

"Ke dai! In nawa na ciki, na'urarsu ta sa nata, su ce an taɓa kayan, su watsar. Ƙauyukan da ke jiran agaji fa?" Tari ya sarƙe shi.

Ta ce batir ya kusa ƙarewa, sai gobe. Ƙarya ta yi, kuma ya sani.

Washegari da hantsi ta kawo masa koko, ta yi sallama sau uku, shiru. Mutum bakwai suka raka shi makwancinsa, don mazan unguwa duk suna cin rani a Kano. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Bayan la'asar ta buga umarnin goge suna da ya rubuta a bayan takardar. Tana kallo sunansa na ɓacewa layi bayan layi, sifili na maye gurbinsa. Lambar ta fito daidai, har harafin ƙarshe.

Ta kwafe ƙunshin a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ta sa a ambulan. Ta san can yage ambulan za a yi a yar, amma ta sa biro ta rubuta "Idrisa" a bayanta, ta miƙa wa direban motar Damagaram. Ya cusa ta a aljihu bai duba ba.

Da ta koma rufe ɗakin, kokon na nan bakin ƙofa, ya yi sanyi.