Saura Amshi

Shekara bakwai Auta yana waƙa, shekara bakwai yayarsa tana yi masa amshi, kuma duk tsawon lokacin nan hali guda take yi masa tsiya a kai: ba ya gama waƙa. Zai zauna ya tsara baiti uku, irin waɗanda in ka ji sai tsigar jikinka ta tashi, yana zuwa kan na huɗu sai ya ajiye biro. Ba zai waiwaye shi ba sai ya fara wata waƙar ya kai ta baiti uku, sannan ya dawo ya ƙarasa ta baya. Saboda haka ko yaushe ka buɗe littafinsa akwai aƙalla waƙa ɗaya da ke tsaye da ƙafa uku. Yaya kuwa tela ce. A wurinta rigar da ba a kalmashe bakinta ba tsumma ce, kome tsadar yadin.

Sau ɗaya ya taɓa gaya mata dalili. Shekara uku ke nan, lokacin da ciwon damuwa ya kwantar da shi asibiti har mako biyar. Tana zaune a bakin gadonsa tana ɓare masa lemo, ta sake tayar da maganar don dai ta sa shi ya buɗe baki. Ya ce, "Yaya, in akwai baitin da ban gama ba, ai dole in tashi gobe in duba shi." Ta yi dariya, ta ce zancen mawaƙa sai su. Daga nan maganar ta shige wani lungu a kanta ta kwanta.

Abin da ya fi damun gidan ba wannan ba ne, dare ne. Waƙoƙin Auta duk na dare ne. Akwai wadda yake cewa:

Dare ya shigo ɗakina bai yi sallama ba,
ya zauna bakin gado yana sauraren numfashina.

Mama ta mayar da waƙoƙin ma'aunin zafin jiki. In sabuwa ta fito sai ta kara waya a kunne tana lissafa sau nawa aka ambaci dare. In ya wuce biyar, ranar ba mai ganin haƙorinta. "Kai ba ka taɓa ganin rana ba ne?" in ji ta. "'Ya'yan mutane suna waƙa ana rawa, kai kana yi ana neman fitila." Shi ma Injiniya, mai ɗakin ɗaukar waƙa, ya sha cewa gidajen rediyo sun gaji da duhu. Ita kanta Yaya ba a bar ta a baya ba. Kowa a gidan ya yarda cewa ranar da Auta ya yi waƙar rana, ranar ya warke. Babu wanda ya tambayi likita ko haka abin yake, su suka yanke wa kansu.

Wata Talata da hantsi sai ga shi a shagonta. Ya yi aski, ya sa farar riga mai guga, fuskarsa fes. Ya ajiye mata lemar ruwan da ya ara tun shekara biyu, da wata cajar waya da ita ma ta manta da ita.

"Yau kuma wa ya yi maka wa'azi?" ta ce, allura a bakinta.

"Gobe ƙarfe goma, wurin Injiniya. Akwai sabuwa. Sunanta Gari Ya Waye."

Ta cire allurar. "Gari ya me?"

"Ya waye. Kuma na gama ta."

"Har baiti na huɗu?"

"Har na huɗu."

Ta tafa hannu har mai shagon kusa ya leƙo. Yana fita ta kira Mama, Mama ta fashe da kukan murna tana ta hamdala. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya wa Yaya a rai. Da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon keken ɗinkinta da tarin yaduka, ya daɗe, kamar wanda aka ce gobe za a tambaye shi abin da ke cikin shagon. Ta kawar da tunanin ta ci gaba da taka keke.

Ɗakin Injiniya yana saman wani shagon kayan gyaran mota. Ba shi da taga ko ɗaya, an manne bangon da soso, in za a ɗauki murya kuma sai an kashe fanka. Auta da aka sani yakan maimaita layi ɗaya sau ashirin, ya yi tsaki, ya fita, ya dawo, har Injiniya ya fara rantsuwa zai sayar da kayan ya koma noma. Washegari kuwa, Yaya na zaune tana kallo, ya shiga bayan gilashi ya tsaya gaban makirufo, ya rera baiti huɗu a jere, ko numfashi bai kuskure ba.

Gari ya waye, na share ɗakina,
na naɗe tabarmar da dare ke zama.
Rana ta fito, ba sauran aiki,
ku bar labulen a buɗe.

Injiniya ya buga tebur. "Wallahi wannan ita ce! Sau ɗaya tak! Kai, wa ya canja mini kai?"

Auta ya fito yana murmushi. Ya kama hannun Injiniya da hannu biyu ya yi masa godiya, godiya mai tsawo, har Injiniya ya ji kunya ya ce, "Haba, sai ka ce mai tafiya." Sannan ya miƙa wa Yaya littafinsa, wanda ko Mama ba ta isa ta taɓa ba.

"Amshin yana ciki. Ki yi naki, ni zan wuce gida."

"Ba za ka tsaya ka yi mini gyare-gyarenka ba?"

"Kin fi ni sani," ya ce, ya sauka.

Ta shiga bayan gilashin, ta sa abin ji a kunne, ta buɗe littafin tana neman shafin. Nan ta fara gani. Akwai tsofaffin waƙoƙin da ya watsar tun da daɗewa, da tawadarsu ta koɗe. Kowace an cike mata gurbinta da sabon shuɗin biro, rubutu a tsanake, babu gogewa ko ɗaya. Ta wuce su ta iso Gari Ya Waye, baiti huɗu cif, an ja layi a ƙasa. Ta juya shafi don ta ga sabuwar da ya fara, tunda ba ya rufe wata sai ya buɗe wata. Fari. Ta sake juyawa. Fari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har bango.

"Injiniya," ta ce ta makirufo, "wace sabuwa ya ce maka ya fara?"

"Babu. Ya ce mu huta. Kin shirya? Zan saki kiɗa."

Kiɗan ya shigo kunnenta, mai daɗi, mai sa rawa, kuma a cikinsa ne maganar asibitin nan ta taso daga lungun da ta kwanta, da muryarsa da warin lemon da komai. Shekara bakwai tana matsa masa ya gama, ga shi ya gama, bai bar wa gobe komai ba.

Ta cire abin jin ta rataye.

"Ina za ki? Layi biyu ne fa, minti goma!"

Ta sauka da gudu, takalmi ɗaya yana neman tsinkewa. A waje rana ta take tsaka, hasken ya bugi idonta har ta rasa ina ne gabas. Titi cike da mutane, kowa yana harkarsa, mai walda yana walda, masu mota suna ta oda. Ta kira lambar Auta, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Ta tsayar da mai babur ta hau ba ta tambayi komai ba, tana ta addu'ar da ita ma ba ta san me take cewa ba.

Ɗakin da Auta yake haya yana ƙarshen wani dogon baranda a hawa na biyu. Ƙofar a buɗe take. Labulen da ya shekara uku a sake an ɗaure shi gefe, rana ta cika ɗakin har ba inda inuwa za ta ɓuya. An share, an goge, an ninke kaya a kan kujera. A kan taga ga katin asibitinsa, ranar komawa ta wuce da kwana ashirin. Shi kuma yana zaune a bakin gado da takalminsa a ƙafa, hannuwa a kan gwiwa, wayar tana gefensa.

Yana da rai. Ta dafa ƙofa.

"Har kun gama?" ya ce.

"Ɗaki ya yi kyau," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

Ta ji haushin kanta. Haka suke yi a gidansu, a zagaya magana a zagaya har ta mutu. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe ta ce in ta taɓa jin tsoro kada ta yi kwana-kwana, ta tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. A lokacin gani ta yi bakinta ba zai iya ba. Ta shigo ta durƙusa a gabansa, ta kalli cikin idonsa.

"Auta. Kana shirin kashe kanka ne?"

Murmushin da ya kwana biyu a fuskarsa ya zame a hankali. Abin da ya rage fuskar ƙanenta ce da ta sani, gajiyayya, kuma sai ta ji ta fi son ta da waccan sau dubu. Bai ce a'a ba.

"Na gaji, Yaya," ya ce. "Daren ba ya tafiya. Na rubuta ranar ne don Mama ta samu abin saurare."

"Yaushe ka shirya yi?" ta ce.

"Na ce sai an gama waƙar. Ba na so in bar wa Injiniya rabin aiki." Ya ɗago. "Kin yi amshin?"

Minti goma, in ji Injiniya. Da ta tsaya ta rera layi biyun nan, da Injiniya ya kira shi yana ihu an gama.

"Ban yi ba."

Ya gyaɗa kai, kamar mai karɓar labarin jinkirin mota. Wayarta ta fara ruri a jaka. Ta duba, Injiniya ne. Ta kashe ta gaba ɗaya, ta ɗauki katin asibitin daga kan taga, ta kama wuyan hannunsa da ƙarfin da ya sa shi miƙewa.

"Tashi. Wurin likita za mu, yanzu. Kuma daga yau a gidana za ka kwana."

Bai yi gardama ba, bai kuma yi alkawarin komai ba. Suna tsakiyar matakala ya ce, a hankali, "Amshin yana da sauƙi fa, Yaya. Ko gobe ki je ki yi wa Injiniya."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta ƙara damƙe hannun.

"Ba zan yi ba," ta ce. "Ko gobe, ko jibi. Ya nemi wata mai amshin in zai iya, ni kuma in ji wadda ta isa."