Baba Hattara da Lasin Mamana

A gidanmu ni ne mai tsoro, kuma ba na ɓoyewa. Yarana sun daɗe da laƙaba mini Baba Hattara, domin ko shagon bakin layi na aiki ɗayansu sai na bi shi da "a yi hattara" har bakin ƙofa. Takardar da ke da sunana ba na jefa ta a shara haka nan. Sai na yayyaga ta, na jiƙa ta da ruwa, na dunƙule, sannan na raba ta kwanduna biyu. A shagon fentin da nake aikin haɗa launi, kowa ya san idan zan danna lambar sirri a waya sai na shige bayan gwangwanaye na juya wa duniya baya.

Babbar 'yata, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata gare ta, ita ke tuƙa motar gidan. Ni na sayi motar, na kuma gwada koyon tuƙi, amma sai na ga kamar kowace mota a titi ni ta nufo, na haƙura. Abin da ya rage mini shi ne tsaro. Takardar inshora da kwafin lasin Mamana suna cikin wani gwangwanin fenti da na wanke tas, na tura ƙarƙashin gado. Kowace safiya kuma, kafin ta fita, sai na zagaye motar da waya ina ɗaukar bidiyo. Nakan fara da nuna fuskata na faɗi ranar da kwanan wata kamar mai karanta labarai, sannan na bi ƙofa-ƙofa da taya-taya.

"Baba, maƙwabta na kallonka," in ji Mamana kusan kullum.

"Su kalla. Ranar da wani ya goge ki ya ce ke kika goge shi, za ki neme ni."

Mamana ma'aikaciyar jinya ce. Ta daɗe tana neman aiki a wani kamfani da ke tura ma'aikata gidajen marasa lafiya, aka yi sa'a suka kira ta. Za su ba ta motarsu, da sharaɗin sai sun bincika sun ga ba ta taɓa yin hatsari ba. Ta sa hannu cewa ba ta taɓa yi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ni shaida ne, da bidiyo.

Ana cikin jiran sakamakon binciken ne wani ya kira ni ina tsaka da haɗa fenti ruwan toka. Muryarsa a natse, kamar ta mai ba da magani. Ya ce daga sashen yaƙi da zamba na kamfanin inshorarmu yake, ya faɗi lambar motata daidai.

Na ce, "Ta yaya zan san ba ɗan damfara ba ne kai?"

Ya yi 'yar dariya. "Baba, Allah ya yi maka albarka. Tun safe nake kiran mutane, kai kaɗai ka yi mini wannan tambayar. Da kowa irinka ne, da tuni mun rasa aikin yi."

Shekara da shekaru ina wa'azin hattara a gidana ana yi mini dariya, yau ga ma'aikacin ofis ya yaba mini. Na ajiye sandar motsa fenti, na gyara tsayuwa. Na ba shi labarin yadda nake jiƙa takardu, ya ce zai koya wa abokan aikinsa. Na ba shi labarin gwangwanin ƙarƙashin gado, ya ce shi kansa bai taɓa tunanin haka ba.

Sannan ya rage murya. Ya ce wasu ɓata-gari na ƙoƙarin shiga fayil ɗinmu, gara a kulle shi kafin su kai. Abin da ake buƙata kaɗan ne: hoton takardar inshora, hoton lasin mai tuƙa motar gaba da baya, da wasu lambobi da za su shigo wayata.

Na nemi izini a wurin mai shago, na ce gida ba lafiya. Na hau motar haya na je, na durƙusa na jawo gwangwanin, na shimfiɗa takardun a kan gado, na ɗauki hotuna. Ɗaya bai fito sosai ba, na matsa kusa da taga na sake, don kada na wahalar da bawan Allah. Lambobin suka shigo, a ƙasansu an rubuta kada a faɗa wa kowa. Na karanta masa har da wannan gargaɗin, ya ce, "Ka gani ko? Mu muka rubuta."

Kafin mu rabu ya ce, "Baba, idan wani ya sake kiranka da sunan kamfaninmu, to su ne. Kada ka saurare shi. Kuma kada ka tayar wa yarinyar hankali."

Da yamma Maman yara ta dube ni ta ce, "Yau lafiya kake murmushi kai kaɗai?"

Na ce, "Akwai abubuwan da maigida ke yi wa iyalinsa ba tare da sun sani ba."

Ta ce, "Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Ba a jima ba kuwa wani ya kira, mai murya a shaƙe kamar mura na damunsa. Ya ce daga kamfanin inshora yake, yana son tabbatar da wani rahoton hatsari. Ai ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa ɓarawo, na ce ya ji kunya, na tambaye shi ko iyayensa sun san abin da yake ci da shi. Ya sake kira washegari, na sa shi a lasifika don abokan aikina su ga yadda ake yi da irinsu. Na ce ya je ya sha maganin mura kafin ya fito sata. Aka yi ta dariya, har mai shago ya tafa mini.

Ranar da abin ya fashe, na dawo na tarar da Mamana zaune a falo da kayan aikinta ba ta cire ba. Ba kuka take ba, kuma da kukan ne da ya fi mini sauƙi. Maman yara ce ta yi bayani. Kamfanin da zai ɗauke ta aiki ya dakatar da maganar. Bincikensu ya nuna wai ta daki wata mota ta baya, mutane sun ji ciwo a wuya, ta kuma amsa laifinta, ana shirin biyan masu waccan motar. Tunda ta sa hannu cewa ba ta taɓa hatsari ba, yanzu kallon maƙaryaciya suke mata. Sun ce idan ba ta wanke kanta ba kafin su rufe ɗaukar ma'aikata, za su ba wani gurbin.

"Na kira inshora," in ji Mamana. "Sun ce an sauya lambar wayar da ke fayil ɗin, an turo hoton lasina. Lasina yana jakata, Baba. Kwafi ɗaya ne a duniya." Ta ɗago ta dube ni. "Sun ce hoton a kan wani zanen gado mai furanni shuɗi aka ɗauke shi."

Maman yara ta juya a hankali ta kalli ƙofar ɗakinmu, sannan ta kalle ni.

Na ce, "Mutumin ya yi magana kamar mai tarbiyya."

"Ya yaba maka ko?" in ji Maman yara.

Na gyaɗa kai. Ta ce, "Shi ke nan. Ni da na yi shekaru ina ajiye yabon don kada ya yi maka yawa, ashe wani zai zo ya saye ka da shi."

Da safe muka tafi ofishin inshorar, Mamana na tuƙi, ni ina gefe. Wannan ne karo na farko da na shiga motar ban ce mata ta rage gudu ba. Aka kai mu wani ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Jami'in bincike ya shigo da hankici a hannu, ya yi mana sannu da zuwa. Yana buɗe baki na gane muryar.

Shi ma ya gane tawa. Ya ce, "Baba, na sha maganin murar. An gode."

Na dubi ƙasan teburin, na ga ba zan shige ba.

Bai riƙe ni a zuci ba. Ya ce ya kira ne saboda rahoton ya yi masa wari, kuma tsohuwar lambata na nan a wata takarda. Ya ce ban yi laifi da na yi zarginsa ba. Kuskuren shi ne da ban kashe wayar tun a kiran farko na kira lambar da ke jikin takardar inshorata da kaina ba. Lambobin da suka shigo wayata kuwa, ko shi ba shi da hurumin tambayarsu. Sai dai zargi ba ya rufe fayil. Masu waccan motar sun kawo hotuna da takardar asibiti, har da hoton gaban wata mota irin tamu a lotse, ɗauke da lambarmu.

Mamana ta ce, "Ga motar a waje, ko ƙwarzane babu."

"Za su ce kin gyara ta," in ji shi. "Abin da nake buƙata shi ne shaidar halin da take ciki a washegarin ranar da suka ce an yi hatsarin. Wannan kuwa ba kowa ke da shi ba."

Mamana ta rufe ido, ta sauke numfashi. Ba ta kalle ni ba ta miƙo hannu. "Baba, kawo wayar."

Jami'in ya haɗa ta da babban allon ofis don ya gani da kyau. Sai ga fuskata ta cika bango, ina sanye da singileti mai huji a kafaɗa, ido bai gama buɗewa ba, ina sanar da ranar da kwanan wata. Ga ni ina shafa fitilar gaba. Ga ni na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin mota, wandona ya ɗan zame. Ana jin muryar Mamana daga nesa tana cewa maƙwabta na kallo. Wata ma'aikaciya da ta shigo da fayil ta tsaya, ta kira abokiyar aikinta. Jami'in ya kalli na ranar, da na washegari, da na bayansa. Ya tambaya ko akwai wasu. Na ce tun ranar da aka sayi motar.

Ya ce wayar kanta na riƙe da lokacin da aka ɗauki kowanne, kuma wannan ya ishe shi. Ya dakatar da biyan, ya sa lambar Mamana a fayil ɗin, ya rubuta mata takardar da za ta kai wa masu ɗaukar aikin. Ya tura mu wurin 'yan sanda mu ba da rahoto, ya ce ta nemi sabon lasin, domin hoton tsohon na hannun mutanen da ba a san inda za su sake kai shi ba. Wannan maganar ita ce har yau ke hana ni sakewa.

Kamfanin ya karɓi takardar, Mamana ta fara aiki. Ranar da ta dawo da sabon lasin, ta shiga ɗakinmu da sallama, ta durƙusa ta jawo gwangwanin, ta kwashe duk abin da ke da sunanta. Ba ta ɗaga murya ba.

Na ce, "Mamana, a ina za ki ajiye su?"

Ta ce, "Baba, wani ya ce mini kada na faɗa wa kowa."

Ban sa komai a gwangwanin ba tun daga ranar, amma yana nan ƙarƙashin gado. Idan baƙuwar lamba ta kira, Maman yara nake miƙa wa, ita kuwa ko an yaba mata sai ta ce "to" ta kashe. Motar kamfanin da aka ba Mamana fara ce, sabuwa. Safiyar farko na tsaya a bakin ƙofa hannuna a aljihu. Ta buɗe motar, ta tsaya, ta dube ni.

"Zo ka ɗauka, Baba. Amma ka sa riga."