Ƙarar Kibod Ranar Litinin

Mami Sirri ta ɗage yatsunta daga kan kibod ɗin ta kasa kunne. Babu motsin komai a waje sai kukan wata akuya da aka ɗaure aka manta da ita. Ta jira numfashinta ya daidaita, sannan ta sake danna harafi ɗaya a hankali. Ƙyas. Ƙarar ta fito yadda ta saba fitowa kullum, don wannan kibod bai san lallaɓawa ba.

Ranar Litinin ce, kuma a Bamenda Litinin ba ranar aiki ba ce. Samarin daji masu yaƙin ɓallewa sun ce kada a buɗe shago, kada mota ta fita, mu kuwa muka bi, mun daɗe muna bi har yaranmu sun ɗauka haka Allah ya tsara mako. Wanda ya karya doka shagonsa ya ci wuta, in ya yi sa'a ke nan. Sojoji kuma nasu hukuncin daban ne: duk wanda aka gani da samarin, ko ruwan sha ya miƙa musu, ya zama nasu. Mai hankali a unguwarmu shi ne wanda ɓangarorin biyu ba su san sunansa ba, kuma Mami Sirri ta yi shekaru a sahun masu hankali.

Wutar lantarki ce ta ja ta. Mahaifiyar Ma Ngum, ƙawarta da ke tsallaken titi, ta rasu, kuma a nan ba a binne tsohuwa babu ɗan littafin jana'iza mai hoto da tarihi da kalaman bankwana na 'ya'ya da jikoki. Mami Sirri aka ba wa aikin buga shi, masu ɗab'i kuma sun ce a kawo musu shi Talata da sassafe ko a haƙura. Wuta kuwa ta yi tafiyarta tun tsakiyar makon jiya, ba ta tashi dawowa ba sai yau da hantsi. Shagonta na buga takardu da kwamfuta ɗakin gaba ne na gidanta, ƙofar ƙarfe a rufe da sakata. Ta ce a ranta wa zai sani.

Sai da ta zauna ta tuna da halin abokin aikinta. Tsohon kibod ne mai nauyi, ta tsinto shi a kayan gwanjo, kuma ba ta da na biyu. A tafireta ta koyi aiki, shi ya sa ba ta shiri da na zamani masu laushi, ta ce danna su kamar tsoma yatsa a malmalar achu ne, tuwon gwazan nan namu, ba ka san inda ka tsaya ba. Wannan kuwa kowane maɓalli sai ya ɗan turje ƙarƙashin yatsa, sannan ya saki da ƙara, yatsa ya san harafi ya shiga tun ido bai gani ba. Idon nata ma ya fara gajiya, da kunne da yatsa take aiki. Sauran ranaku ƙarar babura da injin niƙan maƙwabta kan haɗiye shi. Yau garin ya yi tsit, shi kaɗai ke magana.

Ta ninke bargo ta shimfiɗa masa. Ta yafa tawul a kan hannuwanta. Duk a banza, ƙarar daga cikin maɓallan take, ba daga tebur ba. Tsoro ya kama ta sosai, ta miƙe za ta kashe na'urar, sai idonta ya faɗa kan hoton marigayiyar cikin kayan mawaƙan coci. Ta koma ta zauna.

Da farko harafi-harafi take bugawa, tana tsayawa tana sauraro. Amma hannun da ya saba ba ya jin gargaɗi. Ta kai kan wasiƙar wata jika da ke cewa tun da Kaka ta tafi babu mai ɓoye mata ƙanzo, Mami Sirri ta yi murmushi, yatsu suka saki jiki, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ɗakin ya cika. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba.

Ƙarar babur ce ta dawo da ita. Ranar Litinin mutane iri ɗaya ne ke hawa babur. Ya taho daga mahaɗa, ya wuce ƙofarta, har ta fara godiya ga Allah, sai ta ji ya rage gudu ya juyo. Aka kashe injin daidai bakin shagon. Hannuwanta suka sandare a sama da maɓallan.

Aka ƙwanƙwasa, ba da ƙarfi ba.

"Mami, buɗe."

Ba ta tashi daga kan kujerar ba.

"Mun ji ki tun daga mahaɗa. Kada ki sa mu buɗe da kanmu, ƙofar mai kyau ce."

Ta zare sakatar. Su biyu ne. Ɗaya ya tsaya jikin babur, ɗaya ya shigo, dogo siriri, da takalmin roba na noma da bindiga mai jan ƙyalle a wuya. Fuskarsa ba ta kalla ba, mun koyi wannan tuntuni. Ta zube a ƙasa tana rantsuwa cewa ba aikin kuɗi ba ne, jana'iza ce, ga hoton, ga takardun, ƙofarta ma a rufe take. Tana maganar tana hango yadda fetur zai bi ƙasan teburin.

Shi kuwa hankalinsa ba ya wajenta. Ya tsaya kan kibod ɗin, ya sa yatsa ya danna. Ƙyas. Ya sake dannawa, ya kara kunne, ya yi dariya.

"Kai, wannan abu da baki yake. Mami, tashi mana, kin girme uwata."

Ya ce ya taɓa yin ajin kwamfuta kafin a rufe makarantu, amma nasu ba sa ƙara, kuma su takwas ne a kan na'ura ɗaya, shi sau biyu kacal ya taɓa ta. Ya bi layin maɓallan da yatsa ɗaya yana ta dannawa, haruffan banza suka cika wasiƙar jikar. Mami Sirri ta fara jin wataƙila za ta tsira da shagonta. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda da ta sha ninki, ya shimfiɗa a kan hoton marigayiyar.

Sanarwa ce ga jama'ar gari, da gargaɗi ga masu buɗe shago da masu kai wa sojoji magana. Ya ce sun yi ta neman mai bugawa, kowa sai ya ce na'urarsa ta lalace. Tata dai ga shi sun ji da kunnensu lafiyarta ƙalau.

Ta zauna. Ƙofar ƙarfen na nan a wangale yadda ya bar ta, ga baburin, ga ɗan'uwansa da bindiga, ga titi fayau har zuwa tagogin tsallake.

"Ɗana, don Allah a tura ƙofar."

"Zafi ake yi, Mami. Tsoron wa kike ji? Ai muna nan."

Ta fara bugawa. Ta yi ƙoƙarin sassautawa, ya ce a'a, ta yi irin na ɗazu, mai saurin nan, shi yake son ji. Ta yi. Ƙarar ta fita ta ƙofa ta bi titin da babu kowa, ta shiga kowane gida. Mami Sirri ta san a bayan kowane labule akwai mutum a tsaye, don ita ma da can take tsayawa in abin ya faɗo kan wani. Hannunta bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Firinta ta yi ta aman takardu har ya ce ya isa.

Ya tattara ya cusa cikin riga, ya ce ta ci gaba da aikin jana'izarta, babu mai taɓa ta. Da ya hau babur ya juyo, ya ɗaga murya yadda har akuyar nan sai da ta yi shiru.

"Hannunki na da kyau, Mami. Za mu riƙa zuwa, ke tamu ce yanzu."

Ta rufe ƙofar, ta zauna a ƙasa ta jingina da ita. Littafin bai ƙara ko layi ɗaya ba. Duk motar da ta yi gurnani daga nesa sai ta ji kamar ta sojoji ce, kuma ta san kafin gobe ta wuce maganar za ta isa inda za ta isa.

Da la'asar aka taɓa ƙofar baya. Ma Ngum ce, ta zagayo ta lungu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta shigo ba. Daga bakin ƙofa ta ce a ba ta takardun da hoton, wani ɗan'uwansu ya ce zai buga musu. Mami Sirri ta ce saura kaɗan ta gama, ta fara ba ta labarin yadda aka yi, Ma Ngum ta ɗaga hannu.

"Kada ki faɗa mini, Sirri. Abin da ban ji ba, ba za a tambaye ni ba." Ta karɓi takardun ta soke su a cikin zani, ta rage murya. "Duk layin nan an ji ki. In ni ce ke, ba zan kwana a gidan nan yau ba."

"To gidan wa zan je?"

Ma Ngum ta dubi sama, ta ce hadari na haɗuwa, bari ta je ta kwashe shanya.