Takardar Malam Balarabe

Bayan la'asar aka fito da bencuna daga gidan kallon ƙwallo na Kwanar Dangora, aka kafa lasifika, aka zaunar da Malam Balarabe a kujerar roba. Shekara ashirin da biyu yana koyar da Hausa a sakandare, kuma an san shi ba ya ƙara wa ɗan kowa maki. Shi ya sa samari suka ɗauko shi alƙalancin gasar gambarar zamani, inda mutum biyu ke tsayawa gaba da gaba suna zambar juna a kan kiɗa. Ya zo da takarda, ya ja mata gida uku: amsa-amo, azanci, kaifin martani.

Karon ƙarshe ya faɗo kan Sagir ɗan Tudun Wada da Uzairu mai gyaran waya a Kiru, tsohon ɗalibin Malam. Babu wanda bai san Uzairu na neman Rufaida ƙanwar Sagir ba, har manya sun kai gaisuwa.

Sagir ne ya fara, kuma bai wahalar da kansa da baiti ba. Wayar ƙanwarsa ya zaro ya kara a bakin makirufo. Sai ga muryar Uzairu, ƙasa-ƙasa, tana rawa: "Rufaida, wallahi in ba ki ɗauki wayata ba, ba na iya cin abinci." Sagir ya maimaita da ƙaramar murya, yana yauƙi, yana share hawayen ƙarya. Wuri ya kaure.

"Ango, daure ka ci tuwo!"

"A damo masa koko, kada ya faɗi!"

Malam ya rubuta sifili a gidan amsa-amo.

Da makirufo ya zo hannun Uzairu, jama'a suka miƙa masa makami da kansu. An taɓa kama mahaifin Sagir ya cakuɗa yashi a buhun masara, maganar ba ta mutu ba har yau.

"Taɓo tsohon! Buhun masara!"

Uzairu ya dubi ƙasa. Mutum ba ya zagin gidan da ya je neman aure. Ya ɗan russuna ya ce, "Yaya Sagir, a gafarce ni." Sannan ya zuba baiti goma sha shida a kan mawaƙin da ya zo fage da aron murya don tasa ba ta da kaya. Bai ambaci uban kowa ba, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Malam ya ɗauki biro. Ya cika masa gida ukun nan taf.

Manya sun sha gaya wa yara cewa ladabi ba ya kayar da mutum. Ba su je Kwanar Dangora ranar ba.

"Wa'azi muka zo ji?" in ji wani daga kan babur. Ledar ruwa ta fashe a ƙirjin Uzairu.

Wayoyi suka juyo kan Malam, sun fi hamsin. Ya san duk abin da ya faɗa, kafin magariba ya kai Riruwai. Ya tuna ranar Litinin ƙannen waɗannan ne za su cika masa aji, da sabon sunan da za su laƙaba masa. Ya ninke takardar gida huɗu.

"Gambara ta jama'a ce," ya ce. "Sagir ya ci."

Aka ɗaga Sagir a kafaɗa. Daga can sama ya sake karɓar makirufo. "Kai ango, ka gaya wa manyanka su zo su kwashi goronsu. Ba ma ba abin dariyar gari aure."

Da aka fara watsewa, Uzairu ya zo ya durƙusa gefen kujerar, rigarsa na ɗiga.

"Malam, don Allah a nuna mini takardar, in ga inda na gaza, in gyara."

Malam Balarabe ya dafe aljihu, ya ce ai bai rubuta komai ba.