Kujerar Farko a Siton Shahe

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa Kallamu, ƙanensa Ma'azu ya gama yanke hukunci a ransa: zaman Yaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya ƙare. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, kuma a ganin Ma'azu kan ma ya tafi. Har ya yi waya Kano a gyara ɗaki. Saura ya faɗa wa mutumin da ya koya masa cinikin kasuwar Shahe, bakin faɗar kuwa ya ƙi samuwa.

Ran nan bayan azahar ruwa ya tsuge ya tsare su a sito. 'Yan Maraɗi suka shimfiɗa kwali a kan dilar riguna suka ɗauko karta. Foka suke yi da maɓallai maimakon kuɗi, wai don kada wani ustazu ya ce caca ce. Kallamu, wanda a da wannan zama ba ya wuce shi, ya nuna kwalin da haɓa. Ma'azu ya zauna gefensa yana riƙe masa kati kamar mai lallashin yaro.

A wasan nan kowa kati biyu ake ba shi a rufe, a zuba maɓallai tun kafin a buɗe komai a tsakiya. Wanda ya fi shiga uku shi ne mai fara magana, don kowa na bayansa yana kallon takunsa. Kujerar farkon nan ce ta faɗo wa Kallamu. Ma'azu ya leƙa: bakwai da biyu, tarkacen da ko kyauta ba a karɓa.

Kallamu ya tura maɓalli ɗaya da hannun hagu. Issa, ɗan Maraɗi mai baki kamar reza, ya yi dariya ya zuba biyar.

"Alhaji, yi haƙuri, wasa bai san tsoho ba."

Sauran suka janye. Ma'azu zai yar da katin ke nan sai ya ji an take masa ƙafa, takewa mai kyau. Kallamu ya sa tafin hannu ya ture tulin maɓallansa gaba ɗaya tsakiya.

Kowa ya sani, wanda ya laɓe a kujerar farko sannan ya dawo ya ninka, manyan kati ya ɓoye. Issa ya ƙura wa tsohon ido, ya ga yawu a gefen bakinsa.

"Kai! Marar lafiya ba ya burga," in ji shi. Ya janye, ya jefar da katin goma har guda biyu.

Ashe Yaya ya karance su tsaf. Ya san Issa zai raina shi ya ƙara, ya kuma san tausayin da suke masa ba zai bar kowa ya zarge shi da wayo ba. Ciwon nasa ma ya sa a cikin dabara! Ma'azu ya dubi yayansa, mamaki da kunya suka rufe shi lokaci guda.

Ya cusa katin cikin sauran ba wanda ya gani, ya matso.

"Yaya," ya ce, "laoban ɗin nan, mai shagon jallabiyu, ya kafe, ya ƙi sassauta mana. Me ka gani?"

Kallamu ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Gobe," ya ce, "ka kai ni."