Gayyar Mato Ta Koma Kan Hanya

Daminar da ciwon baya ya kwantar da Mato, wani manomi a ƙauyen gefen Kutama, ciyawar harkiya ta nemi shaƙe masa gero. Da ya ɗan miƙe sai ya kira gayya. Matarsa Hajjo ta kwashe ragowar hatsin rumbu ta yi tuwo da fura, aka ɗauko mai gangar noma.

Fartanyu sun fara cin ƙasa ke nan sai ga Haladu, yaron dagaci, da bulala a kafaɗa.

"Madalla, kun hutar da ni bi gida-gida," in ji Haladu. "Bature zai zo Gwarzo da babban jawabi, ruwa kuma ya cinye hanyar mota. Ku wuce gaba, har da kai mai ganga."

"Haba Haladu, geron fa?" in ji Mato.

"Geronka ya fi Bature ne?"

Suka yini suna cike rami. Da la'asar Baturen ya iso inda suke, dagaci ya tarye shi, ya hau kan motarsa yana jawabi, tafinta na juyawa da Hausa. Wai gwamnatocin duniya sun taru sun sa hannu: kowane ɗan Adam ɗa ne, ba bawa ba, ba mai sa shi aikin tilas. Dagaci ya fi kowa gyaɗa kai, har rawaninsa na neman kwancewa.

Bature ya hango ganga, ya tambayi dalili.

"Gayya ce, ranka ya daɗe," in ji dagaci. "Murnar zuwanka ta fito da su."

Dariya ta kama Bature, ya ɗauke su hoto don a gani a Ingila, sannan ya ce mai ƙara ya faɗa. Mato ya buɗe baki. Haladu ya take masa ƙafa, ya raɗa masa: "Shi gobe yana Kano. Ni ina nan."

Sai da suka tura motar ta haye rafi aka sallame su.

A bakin gona Mato ya tarar da Hajjo da ƙorai wayam, yaran dagaci sun sha furar. Gayya kuwa ba a kiranta sau biyu, kowa gobe gonarsa za shi.

"Malam, me Baturen ya kawo?"

"'Yanci."

"Ina yake?"

Mato ya dubi harkiyar da ta kere geron tsawo, ya tofar da yawu.

"Ya koma da shi a mota. Miƙo min fartanya."